Su Wane Ne Mazauna Garin? Tambayoyi da Amsoshi Kan Alƙaluman Launin Fata da Asali a Ƙananan Garuruwan Amurka

Duk wanda ya taɓa neman bayanin wani ƙaramin gari na Amurka, ko don ɗansa ya samu gurbin karatu a can, ko don wani ɗan'uwa ya samu aiki, zai ci karo da jeri irin wannan: kashi kaza farare, kashi kaza baƙaƙe, kashi kaza 'yan Asiya, kashi kaza 'yan Latino, wato masu asali daga ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci. Jerin gajere ne, sai mutum ya ɗauka ya gama sanin garin. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Daga ina alƙaluman suke fitowa?

Daga Hukumar Ƙidaya ta Amurka. Tsarin mulkin ƙasar ya wajabta a ƙirga jama'a duk bayan shekara 10, kuma tun 1790 ake yi ba fashi. Ta baya-bayan nan ita ce ta 2020, wadda ta samu mutum 331,449,281. Ranar 1 ga Afrilu ake ɗauka a matsayin ranar ƙidaya, kuma ana lissafa mutum ne a inda ya fi zama da kwana.

Akwai kuma wani bincike da hukumar take yi kowace shekara tun 2005, inda take aika tambayoyi ga gidaje kimanin miliyan 3.5. Wannan samfuri ne kawai, ba kowa ake tambaya ba. Ku riƙe bambancin nan, zai dawo mana a ƙasa.

Wa ke yanke cewa wane fari ne, wane baƙi?

Mutumin da kansa, ko wanda ya cike wa gidan fom. Ba a gwada jini, ba a duba fuska, ba a neman takardar shaida. Abin da ka zaɓa shi za a rubuta.

A da ba haka ake yi ba. Har zuwa 1950, ma'aikacin ƙidaya ne yake zuwa ƙofar gida ya dubi mutane ya rubuta abin da ya gani bisa umarnin da aka ba shi. Daga 1960 aka fara sakar wa mutane wannan zaɓi. Saboda haka idan aka kwatanta alƙaluman wani gari na 1940 da na 2020, ana kwatanta ganin idon baƙo ne da maganar bakin masu gida.

Waɗanne rukunai ne a kan fom ɗin?

A ƙidayar 2020 rukunai biyar ne na hukuma: farare, baƙaƙe, 'yan asalin ƙasar, wato Indiyawan Amurka da 'yan asalin Alaska, 'yan Asiya, sai 'yan asalin Hawayi da sauran tsibiran tekun Fasifik. Akwai gurbi na shida ga wanda ya ce shi duk ba ya cikin waɗannan. Ofishin kasafin kuɗi na fadar shugaban ƙasa ne ya shata rukunan a 1977, ya gyara su a 1997.

Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, rukunan nan ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Ƙidayar 1790 ta raba mutane ne zuwa farare 'yantattu, sauran 'yantattu, da bayi, kuma a wajen rabon kujerun majalisa bawa biyar ake lissafawa a matsayin mutum uku. A 1850 aka shigo da rukunin barbarar yanyawa tsakanin fari da baƙi. A 1890 har aka ware mai rubu'in jinin baƙar fata da mai sumuni, kamar ana rabon gado. A 1930 aka sa "ɗan Meksiko" a matsayin launin fata, sai ƙorafi ya yi yawa aka cire shi a ƙidaya ta gaba. Kowane zamani da irin akwatunan da masu mulkinsa suka ƙera, kuma na yanzu ma haka suke.

Na tara alƙaluman wani gari sai na ga sun haura 100. Kuskure ne?

Yawanci ba kuskure ba ne. Tambayoyi biyu ne daban aka jera amsoshinsu wuri ɗaya. Ta farko tana tambaya ko mutum ɗan Latino ne, wato asalinsa daga ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci kamar Meksiko, Kuba ko Guwatemala. Ta biyu ita ce ta launin fata. Ɗan Latino yana iya zama fari, yana iya zama baƙi, yana iya zama ɗan asalin ƙasa, don haka zai bayyana sau biyu a jerin.

A ƙasar baki ɗaya, a 2020, waɗanda suka ce su farare ne zalla sun kai kashi 61.6 cikin 100, amma farare waɗanda ba 'yan Latino ba kashi 57.8 ne. 'Yan Latino kashi 18.7, baƙaƙe zalla kashi 12.4, 'yan Asiya zalla kashi 6. Idan kuna duba ƙaramin gari, ku fara tabbatar da wanne daga cikin "farare" biyun nan ake nufi, domin a wasu garuruwan tazarar da ke tsakaninsu babba ce ƙwarai.

A watan Maris na 2024 gwamnati ta sanar za ta haɗe tambayoyin biyu su zama ɗaya, ta kuma ƙara rukuni na mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka.

Wanda ya zo daga Afirka fa, ina yake shiga?

Rukunin baƙaƙe, idan shi ya zaɓa. A 2020 an ƙara layi a ƙasan akwatin don mutum ya rubuta asalinsa, kuma cikin misalan da aka buga a kan fom ɗin akwai ɗan Najeriya, ɗan Habasha, ɗan Somaliya, ɗan Jamaika da ɗan Haiti. Amma jerin da ake bugawa game da ƙananan garuruwa ba kasafai yake kawo wannan dalla-dalla ba. Sai ka ga kalma ɗaya, "baƙaƙe", ta haɗa iyalin da kakanninsu suka yi noman auduga a ƙarƙashin bulala shekara ɗari biyu da suka wuce, da Basomale da ya sauka daga sansanin gudun hijira bara. Harshensu daban, addininsu sau da yawa daban, abin da ya kawo su garin ma daban.

Bamisire da ɗan Labanan kuwa, a ƙidayar 2020 cikin farare aka lissafa su. Da yawansu sun daɗe suna cewa ba haka ake kallonsu a titi ko a filin jirgin sama ba, kuma wannan ƙorafi yana cikin dalilan gyaran 2024.

Me ya sa ake cewa a yi hattara da alƙaluman ƙaramin gari musamman?

Saboda ƙarancin jama'a yana sa kashi cikin ɗari ya riƙa tsalle. Amurka tana da garuruwa da birane masu majalisar kansu kusan 19,500, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu nasu ba su kai mutum 5,000 ba. Dubbai daga ciki ba su kai 500 ba.

Ɗauki gari mai mutum 400. Mutum huɗu su ne kashi 1 cikin 100. Idan likita ɗaya ɗan Indiya ya tare da matarsa da 'ya'ya huɗu, 'yan Asiya sun tashi daga sifili zuwa kusan kashi 1.5. Idan wani iyali ya biyo su, sai a ce sun ninka. In asibitin ya rufe suka tashi, sai a ce sun ɓace. Duk maganar gaskiya ce, amma gida biyu ake magana a kai. Shi ya sa nake ba da shawara a riƙa mayar da kason zuwa adadin mutane kafin a ce komai. Da zarar ka ga "kashi 0.5" ya koma mutum biyu, tunaninka a kan lamarin yana sauyawa, ka fara tambayar su waye, yaya suke zaune, wa suke gaisawa da shi da safe.

Matsala ta biyu ita ce binciken shekara-shekara da na ambata. Wuraren da suka kai mutum 65,000 ne kaɗai ake fitar wa sakamakon shekara guda. Ƙananan garuruwa sai an tara na shekara 5, kuma duk da haka gidajen da aka tambaya ba su da yawa. Hukumar tana buga iyakar kuskure kusa da kowane adadi, wato yadda adadin zai iya haura gaskiya ko ya gaza ta, kuma a ƙaramin gari ba abin mamaki ba ne iyakar kuskuren ta fi adadin kansa girma. Masu kwafar alƙaluman su sake bugawa sukan yar da wannan ɓangaren, alhali shi ne yake gaya maka ko za ka iya dogara da abin da ka karanta.

Akwai gari a karkara da kewayensa duk farare ne, amma shi baƙaƙensa suna da yawa, kuma maza sun ninka mata. Me ke faruwa?

Ku duba ko akwai gidan yari. Ana ƙirga fursuna ne a inda yake tsare, ba a unguwar da aka kamo shi ba. Gidajen yari da yawa a karkara aka gina su, waɗanda ke ciki kuwa akasari daga manyan birane aka kawo su. Sai takarda ta nuna gari mai gauraye, alhali waɗannan mutane ba su taɓa taka titinsa da ƙafarsu ba.

Abin yana shafar siyasa. A garin Anamosa na jihar Iowa, an taɓa zaɓen kansila da ƙuri'u biyu kacal, domin kusan duk "mazauna" mazaɓarsa fursunoni ne da ba su da ikon jefa ƙuri'a. Wasu jihohi sun fara mayar da fursunoni adireshinsu na gida a wajen shata mazaɓu. Jami'a, barikin soja da gidan tsofaffi su ma suna karkata alƙaluma ta irin wannan hanya.

Da gaske ne hukumar tana canza wasu alƙaluma da gangan?

Gaskiya ne, kuma ba ta ɓoye ba. A gari mai mutum 200, idan aka buga cewa akwai mace ɗaya baƙar fata mai shekara 43, kowa ya san wadda ake nufi. Doka ta haramta wa hukumar tona bayanan kowa, kuma ma'aikacin da ya yi haka zai iya shan ɗaurin shekara 5 ko tarar dala 250,000. Takardun mutane ba a buɗe su ga jama'a sai bayan shekara 72. Na 1950 sai a Afrilun 2022 aka fitar da su.

Don haka a 2020 aka yi amfani da wata dabarar lissafi da ke ƙara ko rage 'yan lambobi a ƙananan wurare, jimillar jiha kuma ta tsaya daidai. Shahararren misali shi ne ƙauyen Monowi a Nebraska, wanda duniya ta san mace ɗaya ce tak take zaune a cikinsa a lokacin, amma sakamakon 2020 ya nuna mutum biyu. A babban birni wannan bai kai a lura da shi ba. A ƙaramin gari, ga ƙaramin rukuni, yana iya zama rabin adadin.

Me ya sa garuruwa da yawa kusan duk farare ne?

Babu amsa ɗaya. Wasu garuruwan baƙi daga Jamus, Norwe, Holan ko ƙasar Cek ne suka kafa su a ƙarni na 19, a kan ƙasar da aka kori 'yan asalin wurin daga kanta, jikokinsu suka ci gaba da noma, kuma ba wata masana'anta da ta jawo wasu. Lokacin da baƙaƙe kimanin miliyan 6 suka bar kudancin ƙasar tsakanin shekarun 1910 da 1970, manyan birane irin su Chicago, Detroit da New York suka nufa, inda aiki yake.

Amma akwai inda da gangan aka yi. An yi garuruwan da ake kira na faɗuwar rana, inda baƙar fata zai iya shiga ya yi aiki da rana, amma kada magariba ta same shi a ciki. Wasu sun kafa allo a bakin gari, wasu sun sa sharaɗi a takardun filaye cewa ba za a sayar wa baƙar fata ko Bayahude ko ɗan Sin ba, wasu kuma barazana da wuta suka yi amfani da su. A gundumar Forsyth ta jihar Jojiya, a 1912, an fatattaki baƙaƙe sama da 1,000, suka bar gonaki da gidaje da coci-coci, kuma aka shafe shekaru da dama babu su a wurin. Sai a 1968 dokar tarayya ta haramta wariya a sayarwa ko hayar gida.

Ganin "kashi 98 farare" shi kaɗai ba zai gaya maka wanne daga cikin labaran nan ne na garin ba. Abin da zai taimaka shi ne a koma tsofaffin ƙidayoyi. Idan gari yana da baƙaƙe 80 a 1900, sai a 1910 aka ga babu ko ɗaya, to akwai abin da ya faru, kuma ya cancanci a tambaya. Ni dai ina ganin bai kamata a wuce irin wannan sifili da sauri ba, domin mutane ne da sunayensu suka tafi.

Akwai ƙananan garuruwan da baƙaƙe suka kafa da kansu?

Akwai. Nicodemus a Kansas, wanda 'yantattun bayi suka kafa a 1877. Mound Bayou a Misisipi, wanda Isaiah Montgomery ya jagoranci kafawa a 1887. Eatonville a Fulorida, da ya samu majalisarsa shi ma a 1887. Boley a Oklahoma, a farkon ƙarni na 20. Mutane ne da suka nemi wurin da za su mallaki gona, su zaɓi magajin garinsu, su kwana ba fargaba. Yawancinsu sun ragu sosai yanzu, kamar sauran garuruwan karkara.

Yaya ake yi gari ya sauya kama cikin shekara goma?

Sau da yawa mayanka ce. Daga shekarun 1980 manyan kamfanonin nama suka riƙa barin birane suna kafa masana'antu kusa da inda ake kiwo. Aikin yana da wuya, ga sanyi ga haɗarin wuƙa, kuma matasan garin sun riga sun tafi birni. Sai baƙi suka cike gurbin.

Lexington a Nebraska misali ne. A 1990, shekarar da aka buɗe mayankar shanu a can, 'yan Latino ba su kai kashi 10 ba. A ƙidayar 2000 sun haura rabin garin. Storm Lake a Iowa, Worthington a Minnesota da Fort Morgan a Colorado sun bi irin wannan hanya, inda aka samu 'yan Meksiko, 'yan Amurka ta Tsakiya, 'yan Laos, Somaliyawa da 'yan Sudan ta Kudu, kowane gari da irin nasa. Makarantun da suka kusa rufewa suka cika da yara, shagunan da aka garƙame aka sake buɗe su. An kuma sha zaman doya da manja a kan gidajen haya, harshe da wuraren ibada.

Sauyin yana iya juyawa a yini ɗaya. A Postville ta Iowa, gari mai mutum dubu biyu da 'yan kai, jami'an shige da fice sun kai samame mayanka ranar 12 ga Mayu, 2008, suka kama mutum 389, akasarinsu 'yan Guwatemala. Ƙidayar 2000 da ta 2010 duk ba su ga wannan rana ba.

Masu launi biyu ko fiye sun ƙaru ƙwarai a 2020. Auratayya ce ta yi yawa haka?

Tana ciki, amma ba ita kaɗai ba. Sai a 2000 aka fara ba mutum damar zaɓar rukuni fiye da ɗaya. A 2010 mutum miliyan 9 suka yi haka, a 2020 suka kai miliyan 33.8. Hukumar da kanta ta ce babban ɓangare na ƙarin ya zo ne daga sauya fasalin tambayar da yadda ake fassara abin da mutane suka rubuta da hannu. Don haka idan farare zalla sun "ragu" a wani gari tsakanin 2010 da 2020, mai yiwuwa ba wanda ya tashi.

Ana tambayar addini?

A'a. Wata doka ta 1976 ta hana a tilasta wa kowa faɗin addininsa a ƙidaya. Ba za ku san yawan Musulmi ko Kirista na gari daga waɗannan alƙaluma ba.

Ana ƙirga wanda ba shi da takardun zama?

Ana ƙirga duk mazaunin ƙasar, ɗan ƙasa ne ko baƙo. A 2019 Kotun Ƙoli ta dakatar da yunƙurin saka tambayar ɗan ƙasa a fom ɗin 2020. Sai dai tsoro yana sa wasu su ƙi buɗe ƙofa. Binciken da hukumar ta yi bayan ƙidayar ya nuna an tsallake kimanin kashi 5 na 'yan Latino, kashi 3.3 na baƙaƙe, da kashi 5.6 na 'yan asalin ƙasa mazauna keɓaɓɓun yankunansu, yayin da aka ƙirga farare da 'yan Asiya fiye da adadinsu. Masu haya, masu cunkoso a gida ɗaya da ƙananan yara su aka fi mantawa. A garin mayanka, inda ma'aikata takwas za su iya raba gida guda, gaskiyar adadin baƙi takan fi abin da aka buga.

To me ya sa ma ake tambayar launin fata? Ba raba kan jama'a ba ne?

Tambaya ce mai nauyi, kuma ƙasashe sun amsa ta daban-daban. Faransa ba ta tambaya, kuma dokarta ta 1978 ta taƙaita tattara irin waɗannan bayanai. Birtaniya sai a 1991 ta fara. Birazil tana tambaya da nata rukunai biyar, waɗanda ba su yi daidai da na Amurka ba, ta yadda mutum ɗaya zai iya sauya rukuni idan ya ƙetara iyaka.

Masu tsoro suna da hujja. Katin shaida mai ɗauke da ƙabila, wanda Turawan Beljiyam suka shigo da shi Ruwanda, shi aka riƙa dubawa a shingaye a 1994. A Amurka ma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an yi amfani da bayanan ƙidaya wajen tsare mutane kimanin 120,000 'yan asalin Japan.

Masu goyon baya su ma suna da tasu. Dokar 'yancin zaɓe ta 1965 da dokokin hana wariya a aiki da gidaje ba sa aiki sai da alƙaluma. Idan rabin gari 'yan Latino ne amma ba a taɓa samun ɗayansu a majalisar gari ba, da waɗannan lambobi ake zuwa kotu a nuna yadda aka shata mazaɓu. A nawa ganin, ƙasar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana raba haƙƙi bisa launi tana buƙatar abin auna ko ta daina, muddin sirrin mutane yana tsare da gaske.

Zan iya gane daga alƙaluman ko za a karɓe ni hannu bibbiyu a garin?

Kaɗan kawai. Za su nuna maka ko akwai masu kama da kai, da ko garin ya saba ganin baƙi. Ba za su nuna maka halin maƙwabci ba. Akwai garin da kusan kowa fari ne, amma coci guda ta ɗauki nauyin iyalan 'yan gudun hijira ta riƙe su da mutunci, akwai kuma gari mai gauraye da kowane rukuni yake zaune a nasa gefen layin dogo.

In kana shirin tarewa, duba ƙidaya uku a jere, ta 2000, ta 2010 da ta 2020, ka ga inda garin ya dosa. Duba kuma alƙaluman ɗaliban makarantar firamare, domin sauyi a nan yake fara bayyana shekaru kafin ya fito a jimillar gari. Sannan ka nemi wani baƙo da ya riga ka zama a can, ka tambaye shi yadda ya samu gidan haya da yadda 'ya'yansa suke a aji.